Kai da Sa'anninka na 1983, Bakanon Jidda

Bawana, ka san ba al'ada ba ce ubangida ya fara gaida bawansa. Amma tunda ka tsallake Bahar Maliya ka laɓe a Jidda, inda hannuna ba ya kaiwa ƙeyarka, dole in sauke girma in tambaye ka: ina gajiya, ina gumin Jidda, yaya iyali? Ciniki kam ba sai na tambaya ba. Bakano ko a filin Arfa aka tsayar da shi, kafin ya ɗaga hannu ya yi addu'a sai ya tambayi na kusa da shi nawa ya sayi laimarsa.

Saƙon muryarka ya iso, kuma duk gidan nan an saurara, har da maƙwabta, don ba ka iya magana a hankali ba. Wai ka sake waya. Wai wannan idanunta uku a baya, tana gane fuskarka, da ka dube ta sai ta buɗe. Ni dai tausayin wayar ne ya kama ni. Wai kuma mu Zazzagawa har yau muna fama da 'yar rakani-kashi mai tocila, mu da zamani sai dai hangen ƙura. Ka rufe da cewa kai sa'an zamani ne, abin da ya fito bana da shi kake tafiya, na bara kuwa sai a ba yara.

To madalla. Tunda kai ka ta da zancen sa'a, na nemo maka sa'anninka na gaskiya, waɗanda kuka faɗo duniya shekara ɗaya, don ka ga inda kowannensu ya kwana.

Fasfonka ya ce an haife ka ran 1 ga Janairu, 1983. Wannan ɗaya ga Janairun mun san ta, rabin mutanen Fagge ranar aka haife su. Kada ka ji kunya, masu masaukinka ma haka suke: Balaraben da aka rasa ranar haihuwarsa, 1 ga Rajab hukuma take rubuta masa. Shekarar dai na yarda da ita, don Hajiya da bakinta ta ce tana wankan jegonka ake korar 'yan Gana. Shekara ce kuwa da ba ta yi wa Kano daɗi ba. Ran 17 ga Afrilu Malam Aminu Kano ya rasu. A Oktoba kuka rantsar da Sabo Bakin Zuwo gwamna, wata uku kacal ya yi, soja suka kifar da Shagari ran 31 ga Disamba. Wato a shekara guda Kano ta ba da Malam, aka miƙo mata kai. Ku da kuke taƙamar ba a cutarku a kasuwa, ban san wa ya tsaya muku dillanci a wannan musayar ba.

Ƙanwarka ta farko sunanta Lisa, kwana goma sha takwas ka ba ta. Ran 19 ga Janairu kamfanin Apple ya fito da ita, kwamfuta mai ɗan linzamin nan da ake ja a kan tebur, mutum ya nuna hoto a allo ya danna, ba sai ya haddace umarni ya rubuta ba. A lokacin abin al'ajabi ne. Sai aka yanka mata kuɗi, dala 9,995. Ka ga dala biyar ɗin nan da aka rage don kada a ce dubu goma? Na rantse akwai Bakano a wajen yanke farashin. Mutane suka zo suka kalla, suka yaba, suka koma gida da kuɗinsu. Da shekara ta zagayo Macintosh ya fito a kwatan kuɗinta, ya yi mata kishiya a ɗakinta. A 1989 aka kwashi ragowar, kusan guda 2,700, aka kai su bolar garin Logan a jihar Utah, aka tura musu ƙasa. Shekararku ma da binne-binne ta zo: a watan Satumbar 1983 kamfanin Atari ya loda kasa-kasan wasan da suka yi kwantai a manyan motoci, ya je Alamogordo cikin hamadar Amurka ya binne, sai a 2014 aka tono su. Da a Kano ne, kafin gari ya waye 'yan jari-bola sun haƙo, kafin azahar kayan suna Ƙofar Wambai ana rantsuwa sababbi ne.

Sai kakar wayar nan taka mai ido uku. Motorola DynaTAC, wadda hukumar sadarwar Amurka ta amince da ita a Satumbar shekararku, aka yi kiran farko na kasuwa a Shikago a watan Oktoba, ta shiga kanti sosai a 1984 a kan dala 3,995. Nauyinta ya doshi kilo guda, Turawa da kansu bulo suke ce mata. A yi mata caji awa goma, ta yi magana rabin awa ta mutu. Nan ne kuka saɓa hali: kai a ba ka abinci na rabin awa, ka yi surutun awa goma. Kada kuma ka ce Amurka ce ta fara komai. Ƙasar da kake zaune ta buɗe layin wayar cikin mota tun Satumbar 1981, da kayan Ericsson, ta riga Suwidin ɗin da ta ƙera kayan da wata guda. Mu kuwa sai 2001 salula ta fara yaɗuwa a wajenmu, ana sayen layi kaɗai a kan kuɗin da ya fi albashin malamin firamare, mai waya ya ɗaura ta a ƙugu ya ɗage riga don a gani.

Jikokin wannan bulon su ne abincinka yau a Titin Falasɗin. Na san ka gaya wa mutanen gida kana da shagon waya. Bawana, ka ji tsoron Allah. Tun Satumbar 2016 gwamnatin Saudiyya ta ce sayar da waya da gyaranta na 'yan ƙasa ne kaɗai, har mata aka horar suka shiga sana'ar. Shagonka bai wuce bakinka da ƙafafunka biyu ba. Na ga yadda kake yi. Ka tari bayin Allah da suka sauko daga Makka, kai a aske, aljihu da ragowar guzuri, ka ce musu kai ɗan gari ne. Ka shige gaba, su bi ka a layi. A bakin gilashin kanti ka jingina gwiwar hannu, ka ce wa yaron Balarabe "kam haza?" da ƙarfi don a san ka iya Larabci. Ya faɗi kuɗi, ka dafe ƙirji ka yi salati, ka juya za ka fita, ka dawo, ka ce "akhir kalam". Ya rage riyal ashirin. Ka waiwayo ka ce wa Alhaji da Hausa, "Wallahi asli ce, ba taglid ba, don ni ya bar maka." Alhaji ya biya yana sa maka albarka. Bayan la'asar ka zagayo kai kaɗai ka karɓi la'adarka, wadda ta fi riyal ashirin ɗin nan nesa ba kusa ba. Ban ce haram ba ne, ni ba malami ba ne, ko da yake a Zazzau ko ɗan tireda ya fi ka sanin babin ciniki a Risala.

Wayar da Alhaji ya saya kuwa, baɗi war haka ta tsufa. In kana son ganin makomarta, ka san hanyar Harajin Sawarikh a kudancin gari, inda ake zube wayoyin shekaranjiya a kwali, da cajojin da bakinsu bai shiga komai yanzu, ana cewa ɗauki uku ka ba da riyal goma.

Akwai wata sa'arka da ta fi ka gata, ita ce 'yartsanar Cabbage Patch. Mummuna ce ta gaske, kumatu a kumbure, idanu a matse wuri guda. Amma a ƙarshen 1983 iyaye a Amurka dambe suka riƙa yi a kantuna saboda ita, ana ture-ture, ana karya ƙafa, har wani mai kanti ya ɗauki kulki yana kare kansa. Kusan miliyan uku aka sayar a shekarar. Dabarar kamfanin Coleco ita ce, ba su ce sayar da ita suke ba, wai riƙo ake ba ka. Kowace tana zuwa da sunanta, da takardar haihuwarta, da takardar karɓar riƙo da za ka sa hannu. Ka duba fa, 'yartsana da takardar haihuwa ta asali, kai kuwa sai da ka je kotu ka yi rantsuwar shekaru. Zancen igama, takardarka ta izinin zama, ba zan taɓo shi a jarida ba, kada askar su karanta. Abin da zan ce kawai, akwai shekarun da in ka hango mota mai fitila a ka, sai ka tuna kana da alwalar da za ka sake a lungu. Coleco dai bai ci ribar haukan ba, a 1988 ya karye.

Yanzu ga wanda na san za ka yi murmushi in ka ji sunansa. Ran 15 ga Yuli, 1983, wani kamfanin Japan da ya fara da buga katin karta tun 1889, wato Nintendo, ya fito da ɗan akwati fari da ja, ana haɗa shi da talabijin. Famicom. Yen 14,800, da wasanni uku: Donkey Kong, da ɗansa, da Popeye. Na farkon da aka sayar suna da matsala, wasa na cikin tafiya sai ya daskare. Kamfanin ya ce duk a dawo da su, ya canza, ya ɗauki asarar ana tsakiyar cinikin ƙarshen shekara. Na san wannan labarin ba zai shige ka ba. A wajenku in kaya ya bar shago, ko uwar mai shi ce ta saya, ya zama nata.

Larabawa kwamfutar iyali suke ce masa, kuma duk wanda ya tashi a Jidda daga ƙarshen shekarun 1980 ya san shi, ko da yake galibin waɗanda suka cika kantunan Balad da Bab Sharif kwaikwayo ne daga Taiwan da Sin. Irinsu ne suka riƙa iso mana cikin kayan alhazai. Ka tuna yadda ake yi? A zare wayar eriya a soka tasa, a yi ta murɗa tasha har hoto ya tsaya. Kaset ya ƙi kamawa, a zare shi, a hura masa iska ta baki, fuu, fuu, a goga a riga, a mayar. A jikin kaset an rubuta wasa 9999 a cikin ɗaya, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba su fi biyar ba, launi kawai ake canza musu. Duk sanda ka fara ba ni labarin manyan mutanen da ka sani a Jidda, wannan kaset ɗin nake tunawa. Ga bindigar roba ta harbin agwagi, in ka kuskure kare ya leƙo daga ciyawa ya yi maka dariya. Ga adafta da ke zafi har sai an ɗora ta a kan siminti, uwa ta shigo ta taɓa ta, ta gane tun safe ake abu ɗaya, ta ce za a ƙona mata talabijin. Sai NEPA ta raba gardama.

Mario mai gyaran famfo ya girme ka da shekara biyu, amma ƙaninsa Luigi, mai koren kaya, wanda ba a ba shi wasa sai na farko ya mutu, shi ne sa'anka, a 1983 aka fara ganinsa. Ka ga an ajiye kowa a matsayinsa. Tun rabon 'ya'yan Bawo aka ba Kano sarautar baba, a zauna a bakin karofi hannu ya yi shuɗi, Zazzau kuwa aka ba ta sarautar bayi. Ba ni na raba ba. Akwatin Famicom dai bai mutu ba, ya hayayyafa, har a watan Mayun 2022 asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ya sayi kashi 5 cikin 100 na Nintendo. Yaran da aka yi wa faɗa a kan adafta sun girma sun sayi hannun jari a kamfanin. Kai da kuka hura kaset tare, me ka saya? Su waɗannan tsararrakin a can ana ce musu zuriyar mutanen kirki, kuma na ji kana cusa kanka a ciki. Lissafi ne ya haɗa da kai.

Wanda nake so ka zauna ka yi karatun halinsa shi ne G-Shock. Wani injiniyan Casio, Kikuo Ibe, agogon da mahaifinsa ya ba shi ne ya faɗi ya tarwatse, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce sai ya ƙera agogon da zai faɗo daga mita goma bai fashe ba, ya jure ruwa mai zurfi, batirinsa ya yi shekara goma. Ya riƙa naɗe samfuri da roba, ya hau bene na uku a ma'aikatarsu, ya shiga banɗaki, ya jefo ta taga, ya sauko da gudu ya duba. Ya fashe. Ya koma ya sake. Fiye da samfuri 200 ya lalata a haka. In ya kare wannan ɓangaren sai wancan ya karye. Yana gab da ajiye aikin ya ga wata yarinya tana buga ƙwallon roba a filin wasa, ya lura duk dukan da ƙwallon ke sha, tsakiyarta ba abin da ke taɓa ta. Sai ya rataye injin agogon a cikin gidansa, yana lilo, wurare kaɗan kawai ya taɓa jiki. A watan Afrilun 1983 ya fito, baƙi, mai kusurwa huɗu, ba kyan gani. Zuwa 2017 an sayar da miliyan 100.

Ibe bai san Bahaushe ba, amma don mu ya yi aikin nan. Jarrabawar agogo a ƙasar Hausa ba bene ba ce, alwala ce. Sau biyar a yini ruwa ya bi ta kansa har gwiwar hannu, sannan rana ta gasa shi, ƙurar hunturu ta shiga duk wata kafa, ɗan acaɓa ya yi ta girgiza shi a ramukan titi. Agogon da ya yi shekara a hannun mai faskare ko direban tirela bai tsaya ba, shi ne agogo. Wanda ka aiko min da shi tsaraba kuwa, cikin akwatinsa mai kyau, kana cewa riyal ɗari da hamsin ka ba da, alwalar azahar ya gani. Kafin in shafa kai gilashin ya yi gumi ta ciki, kafin in wanke ƙafa lambobin sun fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na kai wa mai gyara a Tudun Wada, ya buɗe bayan, ya dube ni, ya ce, "Malam, wa ya ba ka?" Na ce wani Bakano. Ya mayar da murfin bai ƙara cewa komai ba, bai kuma karɓi ko sisi ba.

A shekarar dai Suwizalan ta fito da Swatch, agogon roba mai sassa 51 kacal, don Japanawa sun kusa kashe mata sana'ar kakanni da agogon batir. Wanda ya tsaya a kan ceto sana'ar, Nicolas Hayek, haifaffen Bairut ne, irin mutanen da suka kafa muku Kantin Kwari kuka wayi gari kuna cewa ku kuka iya kasuwa. Peugeot 205 da Microsoft Word su ma naku ne, amma ba ruwanka da su: mota ba ka da ita, rubutu kuwa sai saƙon murya.

Ka tambayi Hajiya yadda Jidda take a shekarar. Hajjin 1403 a Satumba ya faɗo. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz bai daɗe da cika shekara biyu da buɗewa ba, an bar tsohon na Kandara. Rumfar alhazan nan mai farin rufi, tantuna 210 a jere, a 1983 ta ci kyautar gine-gine ta Aga Khan, injiniyanta Fazlur Rahman Khan ɗan Bangaladash bai gani ba, a nan Jidda ya rasu shekara guda kafin nan. Naira kuwa a lokacin ta fi dala, a farashin gwamnati naira ɗaya tana kawo fiye da riyal huɗu. Yau riyal ɗaya sai ya haɗiye ɗaruruwan nairori, je ka Wapa ka tambaya. Shi ya sa alhajin wancan zamani in ya shiga Suk Alawi da Titin Gabil, Larabawa tashi suke yi su ba shi kujera. Ya sayi rediyo mai cin kaset biyu, da agogon bango, da bargo, da darduma, ya je a sa masa haƙorin Makka, ya dawo yana dariya ko ba a ba da labarin ban dariya ba.

Amma duk a cikin kayan nan, abin da yara ke jira ɗaya ne: 'yar kyamarar roba, ja ko kore, da ba ta ɗaukar hoton kowa. Ka kanne ido ɗaya, ka liƙa ɗayan a 'yar kafa, ka fuskanci haske. Ga Ka'aba. Ka danna, ƙas, ga koriyar ƙubbar Madina. Ƙas, ga dutsen Arfa fari fat da mutane. Ba batir, ba caji, ba kati. Yaran unguwa su yi layi a zaure, kowa ƙas uku a karɓe. An ce kai a zaurenku kwabo kake karɓa kafin ka ba da leƙe, kuma in yaro ya daɗe a Madina sai ka ce kuɗinsa ya ƙare.

Na bar babban sa'anka sai yanzu, don shi ne ainihin ɗan'uwanka, ko ka so ko ka ƙi. Ran 17 ga Janairu, 1983, ministan cikin gida Alhaji Ali Baba ya ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Najeriya. Mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Da ma akwai tsohon bashi, don a 1969 gwamnatin Busia ta yi wa namu haka, har da Hausawan zango da ba su san wani gida ba sai Kumasi. Mutanen nan suka rasa abin zuba kaya, suka afka wa wata jakar leda saƙaƙƙiya mai ratsin ja da shuɗi da fari, mai zif, mai arha. Jakar ta riga shekarar zuwa duniya, amma a 1983 aka yi mata suna, kuma Bahaushe daga ranar suna yake fara kiran yaro. Gana-mas-go.

Dube ta da kyau, bawana. Ba ta da kyau, ba ta da nauyi, ba ta da kunya. A ninke ta ta shige aljihu, a buɗe ta ta haɗiye ɗaki guda. Ba ta taɓa cewa ta ƙoshi. Kowane gari ka je ta riga ka isa. In wannan ba Bakano ba ne, to ban san Bakano ba. Ba kuma inda take mulki irin filin jirgin Jidda. A baya hukumar alhazai ta daɗe tana cewa babbar jaka kilo 32, ta hannu kilo 8, amma wa ya isa ya hana Hajiya? Na tsaya na kalli wata tana shirin awo. An cusa abaya da jallabiyoyi da dabino da tasbaha da fulas ɗin shayi, zif ya ce shi fa iyakarsa ke nan. Ta hau kai ta zauna, 'yar'uwarta ta ja, ya tafi rabi ya fashe. Aka kawo basilla da zare aka ɗinke bakin, aka bi da salatif, zagaye bayan zagaye, har ratsin ya ɓace, aka ɗaure da igiya, aka rubuta suna da jiha da baƙar maka. Sikeli ya ce ta yi kilo shida sama. Hajiya ba ta yi gardama ba. Ta farke gefe, ta zaro abaya uku ta saka a kan wadda ke jikinta, ta rataya darduma a kafaɗa, ta cika baki da dabino. Kai kuma kana gefe da naka salatif ɗin, riyal biyar kowane naɗi.

An so a raba ta da duniya ba a iya ba. A 2007 Louis Vuitton ya kwaikwaye ta, ya buga tambarinsa, ya sa mata kuɗin da zai sayi ɗaruruwan irinta a Kwari. A ƙarshen 2023 kamfanin jiragen Habasha ya hana ta hawa jiragensa daga Najeriya, wai tana lalata bel ɗin kaya, sai dai a saka ta cikin kwali. Aka saka ta cikin kwalin, ta ci gaba da tafiya. 'Yan siyasarmu ma sun san amfaninta, amma wannan zance ne na wani makon.

Akwai ranar da ban yi maka dariya ba, kuma kada ka saba. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, da aka shiga rushe tsofaffin unguwannin Jidda, fiye da sittin, aka bi Sabil da Karantina da Kandara da Gulail da Hindawiyya ana fesa jan fenti a bango, alamar a tashi. Unguwannin da Hausawa suka yi zuriya bayan zuriya a ciki, tun kakannin da suka zo a ƙafa ta Sudan suka haye teku daga Sawakin. Inda ake samun tuwo da miyar kuka da tsire, inda alhajin da kuɗinsa ya ƙare yake samun tabarma. Kwanaki kaɗan aka ba mutane. Ka aiko min da hoto a lokacin, ka tsaya a bakin titi kana jiran motar kaya. Wayar da ka ɗauki hoton da ita, wadda ita ce ta yayi a shekarar, yanzu ko sunanta ba ka tunawa. Amma a bayanka na ƙirga Gana-mas-go a jere, da tukwanen uwargida, da allunan yara, da bargon aurenku, duk a cikinta. Sa'arka ce ta kwashe ka, kamar yadda ta kwashi 'yan Gana kana cikin zanen goyo. Ko godiya ba ka yi mata ba, kana komawa sabon gida ka tura ta ƙarƙashin gado, ka fita neman waya mai ido uku.

To ga hukunci. Watan cika-ciki na tafe, kuma shekara da shekaru kana fakewa da nisa kana cinye min kuɗin shara. Bana da riyal nake so, kada ka kuskura ka canza min a Wapa. Ka haɗa da G-Shock, asli, ba irin na alwalar azahar ba. Ka ba duk Bazazzagin da ka gani a filin jirgi, amanarmu ba ta ciwon kai. In ya iso zan hau Kufena in jefo shi ƙasa a gaban shaidu. In na sauko na tarar yana tafiya, na yafe maka bashin baya. In kuwa ya fashe, ranar da ka zo gida kai za mu hau da kai, mu gwada ko ƙirar 1983 ce ta gaske.